Maiƙon Huska a Bencin Mai Hoto

A bencin mai hoto kusa da gadar kan iyaka ta Malanville, wata dattijuwa ta dubi budurwar da ke gefenta.

"Ɗiyata, wagga huska taki sai ƙyalli. Hoton katin shaida ba ya kyau da maiƙo. Amshi man nan, zai busar da shi, har ki yi fari."

"Na gode, Inna. Sabulun salo safe da yamma ya ishe ni. In maiƙon ya taso, in goge da ƙyalle."

"Taurin kai. Ni na daɗe ina shafawa."

"To mi ya kawo ki nan?"

Dattijuwar ta gyara mayafi. "Jandarman gada ya ce ba ni ce a katina ba."

"Riƙe manki, Inna. Ni da maiƙona zan ƙetare, kuma su gane ni."