Ciwon Ladi Ya Samu Suna, Nawa Fa?

Assalamu alaikum. Shugabar ƙungiyarmu ta matan Gyaɗi-Gyaɗi, Hajiya Husaina. Iyayenmu da suka taso daga Darmanawa. Malamar asibiti da ta amsa gayyatarmu. 'Yan'uwana mata, barkanmu da wannan yammaci. Sunana Hadiza. Na gode da kuka ce in yi magana a walimar samun lafiyar maƙwabciyata Ladi, Maman Joshua.

Na yi murna, wallahi na yi murna. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ina ƙyashinta.

Ciwonmu ɗaya, a nan ƙahon zuciya, ƙasan ƙirji. Tare muka sha maganin olsa, tare muka bar yaji, tare muka hau adaidaita zuwa asibiti. Likita ya ce mana, "Ba kowane ciwon saman ciki ne olsa ba. Yana iya zama ƙwayar cuta a tumbi, ko tsakuwa a matsarmama, ko hanta, wani lokacin ma zuciya ce."

Aka ɗauki hoton cikin Ladi, sai ga tsakuwa. Aka yi mata aiki, ta warke. Ga ta can tana cin dambu da yaji, ko tausayina ba ta ji!

Ni kuwa? An gwada jinina, lafiya. An gwada bayan gida, lafiya. An ɗauki hoto, an auna zuciya, lafiya. Kowa sai ya ce, "Alhamdu lillahi." Na faɗa nima, amma kuka na yi a hanya. Ladi tana da tabon da za ta nuna. Ni idan na riƙe ciki, ƙanwar mijina cewa take, "Anti, son jiki ne." Wata ta ce jifa ne.

Roƙona biyu ne. Na farko, wadda gwaji bai nuna ciwonta ba, kada ku ƙaryata ta. Jiki magayi. Na biyu, mai wannan ciwo ta je a duba ta, musamman in tana ramewa ko aman jini.

Ranar Alhamis za a zura mini siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro, kuma an ce in zo da ɗan rakiya. Maman Joshua, ke nake so, duk da haushinki da nake ji.

Allah Ya ƙara miki lafiya. Allah Ya mai da kowa gida lafiya. Ni kuma ku taya ni roƙo: Allah Ya sa kyamarar nan ta ga wani abu, Ya sa mai magani ne.

Na gode.