Sunan Elkasum a Bakin Kaset

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Mai girma shugaban wannan taro, Wanagoda. Mai girma magajin garin Iferwan. Liman da dattawan gari. Iyayena mata da kuka ƙi kujera kuka shimfiɗa tabarma a gaba. Makaɗan Kel Anu da suka rage mana, Bazo mai ganga da Gumur mai babbar gita. Baƙinmu da suka gangaro daga Timiya, da waɗanda suka sha hanya daga Arlit da Agadas. Samarin da kuka ɗare katanga kuna ɗaga waya, na gan ku, ku ma ina gaishe ku. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ina godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya. Ina godiya ga ƙungiyar masoya Kel Anu da ta ɗora mini aikin bin gida gida ina karɓo tsofaffin kaset, domin a juye su a kwamfuta tun zarensu bai gama ruɓewa ba. Ina godiya ga duk wanda ya buɗe akwati, ko ya kwance ƙullin zane, ya miƙo mini abin da ya fi ƙarfin aro. Ina kuma godiya ga shugaba da ya ba ni lasifika, alhali ya san abin da zan faɗa ba zai yi masa daɗi ba. Taubashina ne, saboda haka in kun ji na taka shi, kada ku ce Tekna ta tsufa da rashin kunya.

Mun taru ne saboda mutumin da ya kafa Kel Anu, ya kuma riga mu gidan gaskiya bara. Kun san ba zan kira sunansa ba, domin mu ba ma kiran sunan wanda ya kwanta dama. Zan ce Mai Jar Gita, kamar yadda kowa ke cewa yanzu. Magana huɗu nake tafe da ita, ta huɗun kuwa ita ce ta hana ni sakewa.

Ta farko, halinsa. Tun safe nake jin ana cewa mai sauƙin kai ne, mai haƙuri, mai fara'a. Haba jama'a! Wa kuke nufi? Ko wani muka binne daban? Mutumin da na sani taurin kai gare shi, ga latti, ga baki kamar barkono. In ya ce zai zo da hantsi, to ku dafa abincin la'asar. Amma ku tambayi mutanen Timiya abin da ya yi a wani biki can, da dangin ango suka kori masu lambu da makiyaya zuwa bayan katanga. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Tashi ya yi ya ɗauki lasifikar da hannunsa, ya ɗora ta kan katangar, bakinta na kallon waje. Uban ango ya ce, "Malam, ai mu muka kira ka." Ya ce, "Ku kun ci nama, su bari su ci kiɗa."

Yabo kuwa ba ya shiga kunnensa. Wani bawan Allah ya taɓa tahowa tun daga Arlit a bayan motar kaya, ya durƙusa gabansa ya ce, "Wallahi kai ne sarkin gita na duniya." Mai Jar Gita ya kalle shi ta saman amawalin rawaninsa ya ce, "To, bafade, zo ka riƙe mini wannan waya, ta ƙi zama a kan batir." Haka mutumin ya tsuguna yana danne waya a kan batirin mota har aka tashi biki, hannu ya sage, bai ga rawa ba, bai sha shayi ba. Ga shi can a layi na biyu da farin gemu, yana dariya. Har yau in ka zauna da shi sai ya nuna maka yatsan, ya ce da wannan aka yi kiɗan bikin wance. Irin son da muka yi masa ke nan: ya wahalar da mu, mu kuma mu riƙa alfahari da wahalar.

Ta biyu, abin da Kel Anu suka bari. Mun taso mun tarar kiɗa na mata ne. Mu ke buga turmin da aka ɗaure wa fata, mu ke jan goge, maza suna zagaye a kan raƙuma. Sai fari ya zo, dabbobi suka ƙare, samarinmu suka watse neman abinci a Tamanrasset da Sabha. Da suka dawo ba su dawo da dukiya ba, sun dawo da wannan katako mai igiyar ƙarfe da ke kuka kamar an taka shi. Iyayenmu suka ce hayaniya ce. Kel Anu suka ɗauki kiɗan turminmu, da tafin hannunmu, da tafiyar raƙumi, suka zuba su cikin wutar batir, sai ga tsohuwar da ta ce hayaniya tana share hawaye da gefen mayafi. Sun rera kewar gida lokacin da babu mai gida; sun rera ƙishirwa lokacin da ake jin kunyar faɗinta; sun rera sunayen rijiyoyi ga yaran da aka haifa a ƙasar wasu, waɗanda ba su taɓa leƙa ko ɗaya ba. Yau Turawa sun ba abin suna, suna ce masa rok na hamada, 'ya'yanmu suna shiga jirgi da shi. Madalla. Sai dai samari, don Allah ku rage gudu, kuna kaɗawa kamar kare ya biyo ku. Bazo, ka ga na faɗa musu a madadinka.

Ta uku, yadda yake ɗaukar kaset. Yaran yanzu ba su san wannan ba, to ku kasa kunne. Ba ya sayarwa. Kai za ka zo da kaset ɗinka sabo, da ɗan ganyen shayi, ka same shi a lambu gindin dabino. In ya danna rakoda, ba ya fara kiɗa. Sunanka zai fara kira, da na mahaifinka, da wurin da kuke zaune, sannan ya yi shiru. Ba zai taɓa igiya ba sai ka amsa da bakinka. In kunya ta kama ka ka ja amawali, zai bar zaren yana juyawa a banza har ka gaji ka ce "ga ni." Mun ɗauka neman magana ne irin nasa. Ashe kaset tafiya yake yi, ana juya shi daga hannu zuwa hannu, a ɓoye shi cikin buhun sukari a shekarun da riƙe shi laifi ne. Sai uwa tana zaune a nan Iferwan, a kunna mata kaset da aka ɗauka a Sabha, ta ji an kira ɗanta, ta ji ya amsa. Ba wasiƙa, ba waya, ba ɗan aike, amma ta san yana numfashi. Ni da ke tsaye gabanku, haka na san ƙanena bai mutu ba. Na ji tarinsa kafin in ji muryarsa, na zauna a ƙasa ina kuka, tukunya na ƙonewa.

Yanzu ta huɗu. Da muka gama tara kaset, dattawan kwamiti suka zauna, suka ce yawancin waɗanda aka kira a bakin kaset ɗin nan sun rasu, bai kuma dace sunayensu su riƙa fita daga wayar kowane yaro a kasuwa ba. Suka yanke shawara a datse gabatarwar duka, a bar waƙa zalla. Ban raina wannan magana ba, Allah Ya sani. Kunya ce, girmamawa ce, tarbiyyar da aka yi mana ce, kuma Wanagoda bai faɗe ta don mugunta ba, ko da yake shi dama bai taɓa iya amsawa a kaset ba, sai da aka ɓata rabin zare ana jiransa.

Amma akwai kaset ɗaya da ba a ba ni shi da sauƙi ba. Na Takamat ne, ga ta nan zaune kusa da turken rumfa, kuma da izininta nake magana. Mijinta ya hau mota zuwa Libiya shekaru masu yawa da suka wuce, lokacin 'yarsu tana goye. Motar ba ta isa ba, ba ta kuma dawo ba. An bi sawu, ba a ga mota ba, ba a ga kaya ba, ba a ga ƙashi ba. Ba shi da hoto. Abin da ya bari kaset ne da aka ɗauka a lambunsu kafin tafiyar, kuma shi taubashin Mai Jar Gita ne, don haka kun san ba a gaisa da ladabi ba. Ana jin kukan guga a rijiya, ana jin ana zuba shayi, sai Mai Jar Gita ya kira shi, ya ƙara da cewa, "ɓarawon dabino, wanda raƙuminsa ya fi shi hankali." Shi kuma ya kwashe da dariya ya ce, "Ga ni, maƙaryaci. Yi waƙarka mu ji." Shi ke nan muryarsa a duniya. 'Yarsa ta girma, ta yi aure, ta haihu, abin da ta sani na ubanta ke nan: dariya ɗaya da zagi ɗaya.

Da na je karɓa, Takamat ta ce, "Tekna, zaren ya yi laushi, na daina kunnawa, tsoro nake ji ya tsinke. In kun juye, zai zauna?" Na ce zai zauna. Ta ce, "Da muryarsa?" Na ce da muryarsa, na dafa ƙirji. Bayan kwamiti ya zauna, kafin in kai mata labari, labari ya riga ni. Na tarar da ita tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Na fara kame-kame, ina cewa ai don girmama mamata ne. Sai ta ajiye rariya ta ce, "Mamata? Wa ya ga gawarsa? Ke kika wanke shi? Wanagoda ne ya yi masa salla? Shekara da shekaru ana cewa in yi takaba in huta, na ce sai wanda ya gani ya zo ya faɗa mini a idona. Yanzu kuma da almakashi za ku kashe mini shi?"

Jama'a, haka na tashi na koma gida da maganarta a kunnena. Kuma na lura da wani abu da ya ba ni tsoro: mun daɗe da daina kiran sunansa. Babu wanda ya yi shela, babu wanda ya yi ta'aziyya, kawai bakinmu ne ya sauya a hankali. Muka koma cewa "mijin Takamat," muka koma cewa "wanda ya tafi." Mun binne mutum da shiru, matarsa tana kallonmu. Wuri ɗaya ya rage a garin nan inda ake kiransa kamar mai rai, ya kuma amsa, shi ne bakin wannan kaset.

Don haka ga roƙona, a gaban shugaba, a gaban liman, a gaban kowa. Waɗanda muka wanke muka binne, a je a tambayi iyalansu gida gida. Wanda ya ce a rufe sunan nasa, a rufe, ni zan sake bin gidajen da ƙafata. Ko da yake ina roƙonsu su yi tunani, domin ba bakinmu ne ke kiransu ba, bakin Mai Jar Gita ne, a ranar da suke zaune da ransu suna jiran shayi. Amma waɗanda hamada ta riƙe ba ta ba mu labari ba, kuma Takamat ba ita kaɗai ba ce, na san gidaje a Timiya, na san gidaje a Arlit, kada hannun kowa ya taɓa sunansu. Ba mu da hurumin yanke abin da Allah bai nuna mana ba. Mutumin da muka taru dominsa ya yi rayuwarsa yana ƙin taɓa igiya sai an amsa. In muka datse amsar muka bar kiɗan, mun adana gitarsa mun jefar da shi.

An ce in kunna kaset ɗin a nan domin ku ji da kunnenku. Ba zan kunna ba. Wataƙila juyi ɗaya ya rage wa zaren, kuma wannan juyin ba na taro ba ne, na ranar da za a juye shi ne, Takamat da 'yarta suna zaune a wurin. Abin da zan iya shi ne abin da ya kamata mu yi tun tuni. Ba a kiran sunan mamaci a bainar jama'a, kun sani, na sani. To ku saurara.

Elkasum ag Wadin, na lambun bakin rafi, mijin Takamat, uban Tinalher. Elkasum, mutanen Iferwan suna gaishe ka.

Allah Ya jiƙan Mai Jar Gita, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa abin da ya yi na haɗa uwa da ɗa ya zame masa haske. Allah Ya jiƙan duk waɗanda suka riga mu, waɗanda ba mu kira ba. Allah Ya ƙara wa Bazo da Gumur lafiya, Ya shiryi samarinmu, Ya ba dattawanmu ikon yanke abin da ya fi alheri. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya cika rijiyoyinmu, Ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya. Elkasum kuwa, in yana wani wuri yana shan iska, Allah Ya juyo da fuskarsa gida. In kuma akwai wanda ya gani, Allah Ya ba shi ƙarfin zuciya ya zo ya faɗa wa Takamat a idonta. Kafin wannan rana, sunansa yana bakinmu.

Na gode.