Fijo Ta Mutum Biyu

Ni da na dawo daga yaƙin Bama da ƙafafuna, ba abin da ke wuce kunnena. A Babbar Kasuwa na ji wani ma'aikaci da wata tsohuwa mai daddawa suna hira.

"Iya, hutu na samu. Fijo zan ɗauka haya, in tuƙa da kaina har Kano, daga ni sai matata. Ba mu taɓa fita mu biyu ba."

"Allah sarki! To ja bakinka, ɗana. In dangi suka ji, har akuya sai sun ɗora maka."

"Ke kaɗai na gaya wa."

"Ka kyauta. Ta Rigacikun za ku bi?"

"Ta nan ne, Iya."

"Alhamdu lillahi, can 'yata take aure! Ni ba nauyi gare ni ba, akuyar kuma 'yar ƙarama ce."