Alaramma, Maimaita Mana

Muhsin: Salamu alaikum, Allah gafarta Malam.

Malam Amadu: Wa alaikumus salam. Da wa nake magana?

Muhsin: Malam, ai kai ka kira ni. Muhsin ne, mai ja maka baƙi a tafsiri.

Malam Amadu: To, madalla, ashe daidai na danna. Ina wuni, Alaramma? Ya ibada?

Muhsin: Alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jiki?

Malam Amadu: Jiki da sauƙi, gwiwa ce dai take nata azumin daban. Ya mutanen gida? Ya mahaifinka?

Muhsin: Malam, Baba ai ya rasu tun ina saurayi. Kai ka yi masa salla.

Malam Amadu: Haka ne, Allah ya jiƙan Yazid. Muryarku ɗaya a waya. Ya mai jiki kuma, matarka Zaituna?

Muhsin: Tana asibiti a Katsina har yanzu. Sun ce sai ta haihu za su sallame ta, jininta ne yake hawa.

Malam Amadu: Allah ya raba lafiya. To me ma na kira in ce maka? Tsaya... Hello? Kana ji na?

Muhsin: Ina ji, layin ne yake yankewa.

Malam Amadu: Na fito ƙarƙashin darbejiya, nan ya fi kamawa. Yauwa. Badaru mai shayi ya ce wai ka aiko ba za ka zo tafsiri yau ba.

Muhsin: Haka ne, Malam. Ba yau kaɗai ba, a nemi wani ya ƙarasa azumin.

Malam Amadu: Ikon Allah. Murya ce ta dushe?

Muhsin: Malam, kana wurin fa jiya. Ina cikin Baƙara na tsallaka Ali Imrana, saboda ayoyin sun yi kama. Aka gyara mini daga sahun baya, na dawo, na sake tsallakawa. Sai kaina ya ɗauke gaba ɗaya, na yi shiru da lasifika a gabana.

Malam Amadu: Na tuna an yi shiru. Na ɗauka wuta aka ɗauke.

Muhsin: Wani ya ɗauka a waya ya watsa. Har daga Kongolam abokina ya turo mini, an sa masa sautin dariya. Da safe na je tasha zan hau motar Katsina, kwandasta ya ce wai in hau a hankali kada in tsallaka ta Kano.

Malam Amadu: Kai, wannan kwandasta yana da baki. Yi haƙuri, dariyar ce ta kufce mini. To ka tafi Katsinar?

Muhsin: Na koma gida na rufe ƙofa.

Malam Amadu: Wato ita ma Zaituna an hukunta ta da laifin Baƙara. Gaya mini, yaushe rabonka da barcin kirki?

Muhsin: Tun da aka kwantar da ita. Safe in tafi, la'asar in dawo tafsiri.

Malam Amadu: Da me ka yi sahur jiya?

Muhsin: Ruwa na sha.

Malam Amadu: To ai ba haddarka ce ta gudu ba, ɗana, yunwa da rashin barci ne suka ja baƙi jiya. Lokacin da nake karantarwa a rugagen Zango, akwai wani Bafulatani, sunansa... mai saniyar nan mai karyayyen ƙaho... sunan ya ɓace mini. Shekarar fari rijiya ta yi nisa, shanu suna kuka ta ko'ina. Na tambaye shi yadda zuciyarsa take ɗauka. Ya ce shi ba ya kallon garken, gugan da ke hannunsa yake kallo, in ya fito ya sake jefawa. Ya kuma ba ni nono mai kyau ranar. Yanzu nonon ma duk garin madara ne, ka lura?

Muhsin: Na lura, Malam. Amma ni kunya ce. Ta yaya zan zauna gaban mutanen nan?

Malam Amadu: Yadda nake zama. Matsa da wayar kunnenka, ba na so darbejiyar nan ta ji. Ka san in na ce maka, Alaramma maimaita mana?

Muhsin: Na sani.

Malam Amadu: Jama'a sai su yi ta kabbara, wai daɗin ayar ne ya kama Malam. Daɗin yana nan, amma ba shi ba ne. Abin da zan faɗa ne yake ɓace mini fat, kamar an hure fitila. Sai ka maimaita, ina bin muryarka a hankali, har ya dawo. Kullum haka nake fita daga gida ban san ko zai dawo ba. In yi alwala, in sa rawani, in je in zauna.

Muhsin: Malam, ai na gane tun azumin bara.

Malam Amadu: Ka gane?

Muhsin: In na ga ka fara shafa gemu kana kallon fanka, sai in ja ayar da tsawo, wani lokaci in maimaita tun ba ka ce ba.

Malam Amadu: Ashe. Ni kuwa ina ta cewa yaron nan ya fara son muryarsa da yawa. Wato kana rufa mini asiri tun bara, ni kuma ba za ka bari in rufa maka na wuni ɗaya ba?

Muhsin: Ba haka ba ne, Allah gafarta Malam.

Malam Amadu: Haka ne mana. Saurara. Ka kashe wayar nan bayan mun gama, masu dariya gobe za su sami wani. Ka kwanta kafin la'asar. Matata Larai za ta aiko maka da kunu da ƙosai in an sha ruwa, kuma ta ce gobe ita za ta je ta wuni da Zaituna, dama tana neman dalilin shiga Katsina. In ka kakare yau, zan ce jama'a a yi salati, kafin su gama ka kamo.

Muhsin: In kuma na kasa zuwa fa?

Malam Amadu: Sai in ja da kaina in fassara. Ba komai. A ina ma muka tsaya jiya? Yusufu ko?

Muhsin: Yusufu kuma? Malam, ƙarshen Baƙara muke, ayar bashi.

Malam Amadu: To, ni dai na shirya wa Yusufu, har na yi kuka da asuba. Shi zan yi musu.

Muhsin: Malam, don Allah kada ka hau kujerar nan sai na iso.

Malam Amadu: Me ka ce? Layin ya...

Muhsin: Na ce ina zuwa. Bari in nemo hulata.

Malam Amadu: Barcin fa?

Muhsin: Zan yi a masallaci, kusa da kujerarka.

Malam Amadu: Madalla. In za ka taho ka duba mini tabarau a wurin Badaru, ina jin can na... a'a, ga shi a fuskata. Matar nan ta cikin waya tana cewa kati ya kusa...