Ranar da Na Roƙi a Iske Aibi a Jinina

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa! Ku dube ni da kyau. Ni ne dai Yohanna mai albasa na wajen Bangi, wanda bara ake kawowa sujada a kan amalanke.

Cikina ne ya kumbura ta hagu, ya yi tauri kamar dutsen niƙa. Aka ce saifa ce. An yi mini ƙaho, an yi tsaga, na sha sassaƙe har bakina ya manta daɗin fura. Ni da ke ɗaga buhun albasa ni kaɗai, jan guga a garka ya gagare ni.

A asibitin mishan likita ta ce sankarar jini ce. Na ji tsoro ƙwarai, na fara tunanin wa zai riƙe mini yara. Sai ta ce in dakata. Yanzu masana suna iya karanta abin da ke cikin ƙwayoyin halittar mutum. Akwai wani aibi guda, in shi ya jawo tawa, akwai maganin da aka yi dominsa. In ba shi ba ne, abin da ke hannunsu kaɗan ne. Aka ɗebi jinina aka aika da shi Yamai.

Ranar Lahadi na ce wa ikilisiya a taya ni roƙo a iske aibin. Mama Tabita, shugabar zumuntar mata, ta miƙe da sandarta.

"Yohanna, ciwon nan ya taɓa ma kai? Tun da nike ban taɓa roƙon Ubangiji shi sa aibi ga jinin ɗan mutane ba!"

Na yi bayani har muryata ta dushe. Ta ce, "Ni ban gane ba. Amma Ubangiji ya gane, taho nan." Ta dafa kaina ta ce, "Uba, kai ka yi jinin ga, kai ka san mi ke ciki. Yi abin da ka sani." A nan tsoron ya sake ni, na yi kuka kamar yaro.

Da sakamako ya dawo, likita ta tarbe ni da murmushi: "An iske shi!"

Na kurma Halleluya har masu jiran layi suka watse! Ina aka taɓa ganin mutum yana rawa don an iske masa aibi? Matata Rahila tana dariya tana kuka tana jan rigata in zauna.

Ba a ce ciwon ya tafi ba. Kullum ina shan ƙwayar maganin da aka ba ni, ana auna jinina. Amma cikin ya sace, bana da hannuna na dasa albasata!

Na gode wa Yesu! 'Yan'uwa, mai kumburi ya bar ƙaho ya je a duba shi, ya dogara ga Ubangiji. Ni na ga kabarina da idona, yau ga ni tsaye gabanku. Amin!