Robar da Aka Ce An Bari a Zuciyata

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata, da duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa. Sunana Hannatu, matar Malam Iliya, malamin firamare a Ƙarfi. Labarin ciwona ya yi ta yawo a bakin mutane har ya fita kamanninsa, shi ya sa na ce bari in rubuta shi da hannuna, yadda Ubangiji ya yi shi.

Ina jego na uku ciwon ya kama ni. An yi mini duk abin da ake yi wa mai jego a ƙasar nan: wankan ruwa mai tafasa da ganye safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, kunun kanwa kuwa sai na ture ƙwarya. Surukata, wadda duk gida ke kira Inna, ita ta tsaya a kaina, kuma da ƙauna ta yi, wannan ba zan taɓa musun shi ba. Amma kafin a gama wankan ƙafafuna sun kumbura suntum. Numfashi ya zama aiki. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji. Jaririna yana kuka a gabana, ina kallonsa, ba ni da ƙarfin ɗaga shi. Wannan ya fi ciwon ci mini rai.

A asibiti aka ba ni ƙwayoyi masu sa fitsari, aka hana ni gishiri da kanwa. Kumburi ya sauka, numfashi bai dawo ba. Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjina, sannan ya ce akwai wata ƙofa a cikin zuciyata da ta tsuke, mai yiwuwa tun wani zazzaɓin ciwon gaɓɓai da na yi ina yarinya, ciki da jego suka ƙarasa ta. Ya ce sai babban asibitin koyarwa a kudu, a leƙa cikin zuciyar a auna, kafin a san ko za ta ɗauki aiki.

Muka bar yara a hannun Inna, ni da Malam muka hau jirgin ƙasa daga Funtua.

Bari in gaya muku yadda ake leƙa zuciya, don a nan ƙarya ta samu wurin zama. Ba a sa ni barci ba, idona biyu. An kwantar da ni a kan wani tebur mai tauri a ɗaki mai sanyi, ga wata ƙatuwar na'urar ɗaukar hoto a bisa ƙirjina. Aka yi mini allurar kashe zafi a hannun dama, nan inda hannu ke lanƙwashewa, aka ɗan tsaga. Sai likita ya ɗauko wata siririyar roba, doguwa, launin toka, kaurinta bai wuce na tsinken tsintsiya ba. Su suna ce mata kateta. Ita za a zura ta jijiya, ta bi hanyar jini har cikin zuciya.

Na ƙura wa robar ido. Nas ɗin da ke riƙe da kaina Bayarabiya ce haihuwar Funtua, Hausarta garas. Ta sunkuyo ta ce, "Haba 'yar garinmu, ke da kika sha wankan jego sau uku, wannan ɗan tsinken ne zai ba ki tsoro?"

Na rufe ido na ce, "Ya Yesu, kai ka shimfiɗa jijiyoyin nan tun ina cikin uwata. Ka san hanya, ka ja musu gora."

Da na buɗe ido sai na ga robar a wani allo kamar na talabijin: wani baƙin zare yana tafiya a hankali, ya haura kafaɗa, ya karkata, ya gangara. Ban ji zafi ba. Da ta shiga zuciyar dai na ji ta yi wani tsalle, kamar kaza in an kama ta, sannan ta natsu. Suka yi ta aune-aune suna ɗibar jini ta cikin robar. Suka tura wani ruwa, na ji zafi ya ratsa ni daga wuya har tafin ƙafa, har na ɗauka na yi abin kunya a tebur. Nas ta ce kowa haka yake ji.

Da suka gama, a gabana likita ya zaro ta. Na ce a nuna mini, nas ta ɗaga ta daga wannan baki zuwa wancan, cif, ba gutsure. Aka ɗinke hannuna. Likita ya bayyana mana cewa wannan awo ne kawai, ba magani ba. Sun ga ƙofar, za ta gyaru, amma sai an buɗe ƙirji. Mu koma gida in yi ƙarfi, mu dawo bayan girbi.

To, daga nan Shaiɗan ya shimfiɗa tabarmarsa.

Mun dawo, mutane suka cika gida. Sun ji an kai ni har kudu an sa mini roba a zuciya, suna jiran su ga na sauko ina gudu. Sai suka ga ina haki kamar yadda na tafi. Na yi bayani har bakina ya bushe. Ina! Wa ya taɓa jin an huda mutum don awo kawai? Awo ai na hatsi ne. Kafin kasuwa ta sake ci, magana ta gama gari: wai likitocin sun manta da robar a ciki. Wasu suka ce karyewa ta yi, shi ya sa suka ce in koma, su ciro abinsu a ɓoye. Matan da ko allurar rigakafi suke gudu, su ne suka zama masanan zuciya a bakin rijiya! Wata ta zo gaishe ni, ta kafa wa ƙirjina ido ta ce, "Sannu, ko tana motsi?"

Inna ta daina cin abinci. Kullum tana bayan ɗaki tana share hawaye. Malam kuwa a waje ya tsaya ranar awon, bai ga abin da na gani ba. Tun yana cewa shirme ne, har ya daina musawa. Wata rana ya tambaye ni, "Kin tabbata duka ta fito?" 'Yan'uwa, wannan tambaya ta fi allurar zafi.

Sai aka kawo wa Inna labarin wani mai addu'a daga wajen Dandume, wai shi Mai-ƙararrawa, wai yana ciro ciwo daga jikin mutum a gani da ido. Ba fasto ba ne, ba mai bishara ba ne, babu ikilisiyar da ta san shi. Farar riga ya ɗinka, ya sayi ƙararrawa irin ta makaranta, shi ke nan ya zama annabi. Inna ta durƙusa wa ɗanta. Kun san nauyin wannan. Malam ya ce mata, "Inna, tashi. A kira shi. In ya ciro wani abu, na yi miki alkawari Hannatu ba za ta koma wurin likitocin ba."

Ina daga ɗaki na ji. Na san in ban koma ba, kabari ne. Likita bai ɓoye mini ba.

Ya iso da hantsi a kan wani tsohon babur da ke tari ya fi ni. Kafin ya tambayi ina marar lafiya, sai da ya tambayi ina abinci. Inna ta yanka masa zakara. Ya zauna ya tashi da shi, har da tsotse ƙashi, ya goge hannu a rigar tasa mai tsarki. Sannan ya ce a shimfiɗa ni a tsakar gida, maƙwabta su shigo su ga ikon Allah.

Ya kaɗa ƙararrawa a kaina har kunnena ya toshe. Yana kiran sunan Yesu kamar mai tallan gyaɗa. Ya juya ido, ya yi wani gurnani, ya ce, "Na gan ta! Ga ta nan ta nannaɗe kamar maciji! Wayyo, 'yan boko sun cuce ki, baiwar Allah!"

Mata suka ɗauki salati irin namu, "Yesu! Yesu!" Na so in yi magana, numfashi ya hana ni. Na dubi Malam, kansa a sunkuye. Sai na yi addu'a a zuci, na ce, "Ubangiji, ka ga ba ni da numfashin gardama. Sunanka ne ake wasa da shi a tsakar gidana. Ka tashi ka yi wa kanka magana."

Mutumin ya rufa mini farin ƙyalle a ƙirji, ya cusa hannu, ya danna ni har na ga duhu. Ya yi ta kokawa da iska, gumi na zuba. Can sai ya fizgo hannu ya ɗaga sama.

"Ga ta!"

Wata guntuwar baƙar roba, jina-jina, kaurin ɗan yatsana. Gida ya kaure. Inna ta faɗi ƙasa tana godiya. Malam ya dafe kai, na ga shi ke nan, magana ta ƙare.

Amma dubi aikin Allah! Don ya burge, sai ya kawo ta daidai hancina ya ce, "Dube ta da kyau, maƙiyiyarki ce." Ni kuwa tun da ciwon nan ya kama ni, hancina ba ya raina wari. Na shaƙa. A ƙarƙashin ƙarnin jinin nan, sai na ji shi sarai.

Ban san inda numfashi ya fito ba. Na ce, "Malam."

Ya ɗago.

Na ce, "Karɓi ka sunsuna."

Mai-ƙararrawa ya janye hannu da sauri. "Kul! Ba a taɓa ta, ciwon zai koma kan wanda ya taɓa!"

Na ce, "Kai da ka taɓa, ga ka nan garau, har da zakara a ciki. Malam, karɓi."

Malam ya kama hannunsa ya karɓe. Ya sunsuna, ya sake sunsunawa. Ya ce, "Fetur."

Na ce, "To, tambaye shi, zuciyar tawa fetur take sha?"

Wata daga baya ta tuntsire da dariya, ta toshe baki. Na miƙa hannuna na dama, na nuna musu ɗinkin, ɗan ƙanƙane, bai kai faɗin farce ba. Na ce, "Ta nan aka shiga. Ku duba wannan, ku duba waccan. Ta ina ta bi?"

Malam ya miƙe. Ya fita ƙofar gida inda babur yake, ya tsuguna. Robar da ke kai mai daga tanki zuwa inji sabuwa ce fil, an canja ta kwanan nan. Tsohuwar ce annabi ya yanka ya zo mini da ita. Ko wanke ta bai iya yi ba! A ce mutum zai yi wa sunan Ubangiji ƙarya, amma sabulu ya gagare shi.

Mai-ƙararrawa ya fara cewa ai ruhu ne ke juya kamannin abu. Malam ya miƙa masa robar ya ce, "Ungo, sa a aljihu, wata rana za ta yi maka amfani a hanya." Babur ya ƙi tashi. Da turi ya bar gidanmu, rigar ta sha ƙasa, ƙararrawa na kaɗa kanta a bayansa.

Kada ku ɗauka an gama. Da mutane suka watse, Inna ta rarrafo kusa da ni. Ba ta kare shi ba. Ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ni ba robar ce ta dame ni ba. Ƙirji aka ce za su buɗe. Na binne 'ya'ya mata biyu, ke kika maye mini su. In kika mutu a can, ko gawarki ba zan gani ba."

Muka yi kuka tare. Na ce, "Inna, in na zauna ma tafiya zan yi, a gabanki, kina kallo. Ki bar ni in je inda Allah ya buɗe hanya." Malam ya durƙusa, muka haɗa hannu mu uku, ya yi addu'a. Da ya ce amin, Inna ta goge fuska da bakin zane ta ce, "Ku tafi. Yara suna hannuna."

Bayan girbi muka koma. An yi aikin. Na farka da ɗinki a ƙirji da ciwo mai yawa, amma na ja iska, ta tafi har ƙasa ba ta tsaya a hanya ba. Halleluya! Na yi ta jan ta kamar mai shan ruwa a rani.

Mai-ƙararrawa kuwa na ji yana can wajen Tsiga, yana ciro wa mutane ƙusa da gashin akuya. Ina yi masa addu'ar tuba, don an umarce mu, amma zakara dai ba zai ƙara ci a gidanmu ba.

Ranar da muka dawo, na sauka daga mota a bakin titi, na tako da ƙafata har gida. Inna tana ƙofa da autana a baya. Ba ta ce sannu da zuwa ba. Ta matso ta kara kunnenta a ƙirjina, ta daɗe tana saurare. Sannan ta kwance goyon ta miƙo mini ta ce, "Karɓi ɗanki, ya yi mini nauyi." Na karɓe shi, na ɗaga shi sama da hannuna biyu.

Godiya ta tabbata ga Yesu, wanda ya ba likita ilimi, ya ba ni hanci, ya ba Inna zuciyar sakin hannuna. 'Yan'uwana, wadda duk aka ce ta koma asibiti, ta yi addu'a ta koma. Kada ku shimfiɗa wa kowane mai farar riga tabarma don ya iya kiran sunan Ubangiji da ƙarfi. Ku dogara ga Mai sunan. Shi ya riƙe ni a kan teburin can, shi ya riƙe ni a tsakar gidana, zai riƙe ku. Amin.