Tubalin Kande

A tashar Badaguishiri, Kande ta hana a ɗora ƙullinta saman motar Illela, ta rungume shi a cinya. Wani mai albasa da ke gefenta ya kasa haƙuri.

"Inna, zinariya ce a ciki?"

"Tubali ne, ɗan nan. Daga bangon ɗakina na ciro shi, buron haraji, ofishinsu na Illela, zan kai shi."

"Mi ya haɗa tubali da buro?"

"Ɗana mai aiki a Malbaza ya kawo siminti, aka yaɓe bangon waje. Mai ƙiyasin haraji ya tsaya bakin hanya, ko zaure bai shiga ba, ya rubuta gidan siminti. Suka aza mani harajin masu bulo. Ciki kuwa laka ce zalla, bana ma damina ta ci ɗaki guda."

"Ai takarda suke karɓa, Inna, ba ƙasa ba."

"Takardar ce ta yi mani ƙarya, sai in aike ta ita kaɗai? Kan tebur zan aje shi. In sun musa, in zuba mashi ruwa ya narke gabansu."

Mutumin ya yi dariya. "To ki kankare yaɓen mana, ki huta."

Kande ta dube shi sama da ƙasa.

"In kankare, unguwa ta ce ɗana bai yi mani komi ba? Buro kaɗai zai san laka ce. Wurin maƙwabta kuwa, siminti ne har in mutu."